Yaya zan rubuta Kiristan da bangaskiyarsa ta girgiza ba tare da labarin ya koma wa'azi ba?

"Malam, barka da aiki. Ni malamar makarantar Lahadi ce, ina kuma ɗan taɓa rubutu. Na fara ƙagaggen labari a kan Kiristocin farko na ƙasar Hausa, zamanin zuwan Turawan mishan. Da na kai babi na huɗu sai na tsaya, don da na sake karantawa wa'azi na gani, ba labari ba. Tauraruwata ba ta taɓa kokwanto ba, kome ya same ta sai ta jawo aya. Na san ba haka rayuwa take ba. Amma in na sa ta yi shakkar Allah, ina tsoron dattawan ikilisiya su ce na ci mutuncin iyayenmu na bangaskiya. Ina mafita?"

'Yar'uwa, sannu da ƙoƙari. Tambayoyi biyu kika haɗa wuri ɗaya. Ta farko ta sana'a ce: yaya ake nuna mutumin da bangaskiyarsa ke tangal-tangal har mai karatu ya yarda da shi. Ta biyu ta tsoro ce: me mutanen coci za su ce. Zan fi daɗewa a kan ta farkon, domin abin da yakan ɓata wa dattawa rai a irin wannan rubutu ba shakkar ba ce, rashin iya rubuta ta ne. Shakkar da marubuci ya ɗora wa tauraro haka kawai, ba dalili, ita ke kama da reni. Wadda ta fito daga abin da bin Almasihu ya ci wa mutum a shekararsa da garinsu kuwa, ko dattijon da ya fi kowa tsauri zai gane ta, don ya ji irinta a bakin kakarsa.

Ta inda wa'azin yake shigowa

Abin da ya same ki yana samun kusan duk wanda ya tashi a coci ya ɗauki alƙalami. Zubin labarin da kunnenmu ya saba da shi tun muna yara shi ne na shaida: a da ina cikin duhu, na sadu da Ubangiji, ga ni yau cikin haske. Shaida tana da amfaninta a gaban ikilisiya, amma mai ba da ita ya riga ya haye, waiwaye yake yi, masu sauraro kuma sun san ya tsira tunda ga shi tsaye a gabansu. Ƙagaggen labari kuwa da rashin sanin yadda za ta kaya yake rayuwa. In mai karatu ya tabbata tun shafi na goma cewa tauraruwarki ba za ta taɓa faɗuwa ba, babu abin da zai sa ya buɗe na gaba.

Sai kuma majiya. Mafi yawan abin da aka rubuta a kan Kiristocin farko na Arewa daga wasiƙu da mujallun Turawan mishan ya fito, su kuwa suna rubuta wa masu ba da gudummawa ne a Ingila da Kanada da Amurka. Wanda ya tuba ya tsaya da ƙafarsa shi ke samun shafi guda. Wanda ya ja da baya layi ɗaya yake samu, ko kuma sunansa ya ɓace daga rahoton baɗi ba bayani. Marubuciyar da ta dogara da waɗannan takardu kaɗai za ta gaji muryarsu ba ta sani ba.

Ga gwaji mai sauƙi ga babobin da kika riga kika rubuta. Ki ɗauki fensir ki rufe duk wata aya da tauraruwar ta jawo, ki sake karanta wurin. In abin da ya rage bai isa ya nuna halin da take ciki ba, to ayar ce take yi miki aikin da ya kamata ki yi da hannunki.

Littafi Mai Tsarki bai ɓoye irin wannan ba

Wannan ita ce hujjarki a gaban dattawa, don haka ki riƙe ta da kyau. Zabura 88 ta fara da kuka ta ƙare da duhu, babu juyowa zuwa yabo a ƙarshenta kamar yadda aka saba. A Irmiya 20 annabi ya ce wa Allah ya ruɗe shi, sa'an nan ya la'anci ranar haihuwarsa. Ayuba ya yi babi bayan babi yana tuhuma, abokansa suna kare Allah da kalmomi masu daɗin ji, amma a babi na 42 Allah ya ce Ayuba ne ya faɗi daidai game da shi, ba su ba. A Markus 9 uban yaro mai farfaɗiya ya furta bangaskiya da rashinta a numfashi ɗaya. Wanda ya fi amfani ga mai rubuta labari shi ne Yahaya Maibaftisma a Matiyu 11. Mutumin da ya nuna Yesu da yatsa a bakin Urdun shi ne ya aika daga kurkuku yana tambaya ko shi ne mai zuwan ko a jira wani. An ba shi amsa, amma ba a buɗe masa ƙofar kurkuku ba, a can aka fille masa kai. Ki lura da wannan zubin: amsa ta zo, wahalar ba ta tafi ba. Yawancin littattafanmu na coci ba sa iya jure wannan.

Tarihin ikilisiya ma haka. A shekarar 250 Sarkin Rum Desiyus ya ba da umarni kowa ya miƙa hadaya ga allolin daular a gaban jami'ai, a ba shi takardar shaida. A Kartaj, cikin Tunisiya ta yau, Kiristoci da yawa sun miƙa. Wasu suka ba da cin hanci aka rubuta musu takardar ba tare da sun miƙa ba. Wasu suka ƙi, aka ɗaure su, wasu suka mutu. Bishop ɗin garin, Sifriyan, ɓuya ya yi yana tafiyar da ikilisiya ta wasiƙu, aka yi ta zarginsa da gudu, ko da yake a 258 shi ma takobi ne ya ci shi. Da tsanantawar ta lafa sai rigima ta tashi a kan ko za a sake karɓar waɗanda suka faɗi. Sabon marubuci zai ruga ya rubuta ranar kisa. Gwani zai rubuta Lahadin da ta biyo baya, ranar da matar wanda aka kashe ta tarar da mai takardar cin hanci zaune a gefenta.

A Japan ta ƙarni na 17 hukuma takan sa wanda ake zargi ya taka hoton Almasihu da ƙafa. A 1633 wani babban limamin Katolika ɗan Fotugal, Cristóvão Ferreira, ya yi ridda bayan an rataye shi kai ƙasa a cikin rami. A kan wannan tarihi marubucin Japan Shusaku Endo, wanda shi ma Katolika ne, ya gina ƙagaggen labarinsa na 1966, wanda aka sani da Silence a Turanci. Dabara ɗaya za ki ara daga gare shi: ba azabar jikin tauraron ce ta karya shi ba, azabar talakawan da ake gana wa saboda shi ce. Mutum yakan iya jure nasa ciwon. Na ɗansa ko na wanda ya biyo shi don ya yarda da shi, nan ne ƙafa ke rawa.

Gimi, ko inda labarinki yake jiranki

Ba sai kin je Japan ba. A rabi na biyu na ƙarni na 19 an yi wani malami a Kano, Malam Ibrahim, wanda karatunsa na Alƙur'ani ya kai shi ga ɗaukaka Annabi Isa fiye da yadda malaman zamaninsa suka yarda. An kashe shi a kasuwar Kano, almajiransa suka watse wajen Ningi da gabashin ƙasar Zazzau, aka san su da suna Isawa. A gefe guda kuma, a 1900 tawagar Bishop Tugwell ta CMS, ƙungiyar mishan ta cocin Angilikan, ta shiga Kano, Sarki Alu ya sallame su cikin 'yan kwanaki, suka koma Girku. Ɗaya daga cikinsu, Likita Walter Miller, ya samu ya zauna a birnin Zariya a 1905. A 1913 wasu daga cikin Isawa suka zo wurinsa. Daga nan aka kafa musu ƙauyen Kiristoci a Gimi, ƙarƙashin kulawar W. A. Thompson, baƙar fata daga tsibiran Karibiyan. Ba a daɗe ba ciwon barci ya shiga ƙauyen ya yi ɓarna mai yawa, har aka tashi daga wurin. A ƙarshen shekarun 1920 mishan ɗin ya koma Wusasa a bayan ganuwar Zariya.

Ki dubi abin da wannan tarihi ya miƙa miki kyauta. Mutane sun yi shekara da shekaru suna jiran cikakken labarin Isa, an kashe malaminsu a kai, sun bar dangi da gonaki sun zo, sai 'ya'yansu suka fara mutuwa a wurin da suka ɗauka ƙarshen jira ne. Ba ki da bukatar ƙirƙiro wa tauraruwarki dalilin shakka. Kuma ciwon da kansa yana tafiya da saurin da labari ke so. Ƙudan tsando ne ke kawo shi, shi kuwa a kurmi da bakin rafi yake zama, wato masu ɗebo ruwa da wanki da yara masu wasa a rafi su ne a gaba. Yakan fara da zazzaɓi mai zuwa yana tafiya, da ciwon kai, da kaluluwa a bayan wuya. Bayan watanni, wani lokaci fiye da shekara, sai barci da rana da rashinsa da dare, sai canjin hali, yaro mai ladabi ya koma faɗa ko ya yi shiru, sai rama, sai suman da ba a tashi. Uwa tana da watanni masu yawa na addu'a kafin ƙarshe, kuma tana ganin 'ya'yan maƙwabta da suka riga nata shiga kowane mataki.

Ga yadda za a iya nuna shakka a nan ba tare da an ambaci sunanta ba. Sujadar asuba ce, ana rera waƙa, yaron yana jingine a cinyarta. Bakinta yana bin waƙar, yatsunta biyu kuwa suna bayan wuyansa suna lalube. Ta ji ƙullutun, ta ɗauke hannu, ta sake mayarwa ko kuskure ta yi. Aka zo baitin ƙarshe, leɓenta na motsi amma murya ba ta fita. Da aka tashi, matar mai bishara ta ce mata Ubangiji yana da iko, ta amsa da amin. Da dare ta kwance ƙullin tsumman da ta ɓoye a ƙasan tukunya tun ranar baftismarta, ta dubi layar da uwarta ta ba ta, ta daɗe tana dubawa, ta mayar. Ba ta ɗaura masa ba tukuna, sai babi uku nan gaba. Ko kusa ba a ce "sai ta fara shakkar Allah" ba, amma mai karatu ya ji a jikinsa.

Wace irin shakka, kuma ta wace shekara

A rubuce-rubucen da ake kawo mini in duba, kuskuren da ya fi yawa shi ne ba mutumin 1915 tambayoyin ɗalibin jami'a na yau. Bahaushen wancan zamani, Musulmi ne ko Bamaguje ko sabon Kirista, ba ya tambaya ko akwai Allah. Tambayarsa ita ce ko wannan hanyar ce ke kai wa gare shi, ko fushi yake yi da ni don na bar ta iyayena, ko wani ne ya yi mana jifa. Ki tsaya a cikin waɗannan.

Shakka iri uku ce za ta yi miki aiki, kuma gara ki zaɓi ɗaya ta zama ginshiƙi, sauran su taimaka mata. Akwai shakkar Allah kansa: yana ji kuwa, in yana ji me ya sa ya yi shiru. Ita ce ta Gimi. Akwai shakkar kai: na ba da gaskiya ne da zuciya ɗaya ko wani abu na biyo. Wurin da ya fi dacewa da wannan shi ne sansanonin kutare da ƙungiyar mishan ta SIM (Sudan Interior Mission) ta karɓi kulawarsu a shekarun 1930, irin su Yadakunya a Kano, Babbar Ruga a Katsina da Amanawa a Sakkwato. Mutum ya zo neman allura, ya sami abinci da karatun boko da mutanen da ba sa ƙyamar taɓa shi, ya karɓi baftisma. Ranar da aka sallame shi zai koma garinsu, shi kansa bai san ko don Almasihu ya tuba ko don magani ba, kuma babu wanda zai iya gaya masa. Sai ta uku, shakkar masu kawo saƙon: Baturen da ke wa'azin cewa duka ɗaya muke cikin Almasihu amma bai taɓa cewa mai bishara baƙar fata ya zauna su ci abinci tare ba.

Kowace kika zaɓa, sai kin ɗaure ta da asara da ake iya gani da ido. Wanda ya bar addinin gidansu a wancan zamani yakan rasa gado, a karɓe gonar da yake nomawa, a raba shi da mata, a daina cin abinci da shi a akushi ɗaya. Saurayi yakan rasa wadda zai aura. Tsoho yakan kwana yana tunanin wa zai wanke shi ya binne shi. Bamaguje da aka hana shi burkutu ba abin sha kaɗai ya rasa ba, ya rasa gayya da biki da zaman da ake yanke shawarar dangi. Mafi ɗacinsu ita ce dokar mace ɗaya. Taron bishop-bishop na Angilikan a Lambeth a 1888 ya yanke cewa ba a yi wa mai mata fiye da ɗaya baftisma, yawancin mishan-mishan kuma haka suka bi. In kina neman babi da zai hana mai karatu barci, ki rubuta ranar baftismar mai mata biyu ta bakin wadda aka sallama, wadda ita ce ma ta fara zuwa ajin karatu ta jawo mijin. Ana waƙa a bakin rafi, ita kuma tana ɗaure ƙorenta da tasoshinta, ana gardamar wanne yaro zai bi ta.

Bincike

Ki taƙaita. Wuri ɗaya, shekara biyar zuwa goma. Ki ja jadawali shekara-shekara mai gida uku: abin da ya faru a ƙasa, abin da ya faru a mishan, abin da ya faru da taurarinki. In Gimi kika ɗauka, gidan farko zai ƙunshi isowar jirgin ƙasa Kano a 1911, yunwar 1913 zuwa 1914 da ake kira Kakalaba, haɗewar Arewa da Kudu da ɓarkewar yaƙin duniya na farko a 1914, da annobar mura ta 1918. Waɗannan su za su gaya miki kuɗin hatsi da wanda ya bar gari da wanda ya mutu.

Takardun mulkin mallaka suna gidan adana kayan tarihi na ƙasa a Kaduna, akwai kuma Arewa House a nan Kadunan. Takardun CMS suna Jami'ar Birmingham a Ingila. Miller ya fitar da tarihin rayuwarsa a 1936, ki karanta shi kina tuna cewa mutum ne mai ra'ayi mai ƙarfi da ke ba da nasa ɓangaren. Amma takardar da ta fi kowacce amfani gare ki tana cikin kabad ɗin tsofaffin majami'u: rajistar baftisma da littafin zaman dattawa, inda aka rubuta wanda aka sa a ƙarƙashin horo da dalili, da wanda aka hana jibin Ubangiji, da wanda aka maido. Ki nemi izinin fasto, ki ɗauki yanayin laifuffukan, kada ki ɗauki sunaye.

Sai hira da tsofaffi, takwas zuwa goma, a ƙalla rabinsu mata. In kika ce su ba ki labarin bangaskiyar iyayensu, shaida za su ba ki. Ki tambayi wa ya koma, ina ya koma, wa ya ci gaba da gaishe shi, wa ya binne shi, ina matar da aka sallama ta ƙare. Irin wannan amsa ba ta fitowa a zaman farko, sai kin koma sau biyu ko uku. In da hali ki zauna da dangin da suka ci gaba da Musulunci, don su ma suna da nasu labarin rabuwar.

Ki kiyayi kayan da ba na zamanin ba. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa sai 1932 ya fito, kafin nan sassa ne ke hannun mutane, saboda haka tauraruwar 1915 ba za ta riƙa buɗe duk littafin da ta ga dama ba, abin da ta haddace a aji da waƙoƙi su ne jarinta. Wanda ya fito daga Isawa Isa zai ce, ba Yesu ba. Babu ɗarikar ECWA kafin 1954, babu naira kafin 1973. Sule da sisi da taro da kwabo da anini ake kashewa, a ƙauyuka kuma wuri bai gama ɓacewa ba.

Zubi, da wuraren da yakan karye

A ce littafinki babi 25 zuwa 30 ne, kowanne kalma 2,000 ko kusa da haka. Babobi huɗu ko biyar na farko ki ba su ga abin da ya ja ta zuwa bangaskiyar, ki nuna daɗinsa da gaske: karatun da ta iya, tsoron iskoki da ya sake ta, mutuncin da ta samu. In mai karatu bai ga abin da take ƙauna ba, ba zai ji zafin ganinsa yana suɓucewa ba. Tsagewar farko ta bayyana kafin babi na shida, ƙarama. Daga nan shirun Allah ya ɗauki aƙalla kashi ɗaya cikin uku na littafin. Nan ne marubuta Kirista sukan gaza, su kasa haƙuri su aiko da mafarki ko baƙo mai kalmar annabci bayan shafi biyar. A cikin wannan tsakiya ta aikata abu ɗaya da ba ya gyaruwa, ta ɗaura layar, ko ta yi musun bangaskiyarta a gaban yayanta don a ba ta hatsi. Addu'a ɗaya babba kuma ta tafi ba amsa har littafin ya ƙare. Yaron ya mutu, kada ki tashe shi.

Wuraren karyewa sanannu ne. Mu'ujizar babin ƙarshe tana mayar da duk wahalar baya wasa. Faston da ya zo ya yi bayanin shafi uku a kan dalilin shan wuya, ta share hawaye ta ce yanzu ta gane, shi ne abokan Ayuba sun dawo da sabuwar riga. Wanda ya ja da baya kuma maciji ya sare shi a babi na gaba, wannan ramuwar marubuci ce, mai karatu yana ganewa. Baturen mishan bai kamata ya zama mala'ika ko azzalumi zalla ba. Mutanen nan sun binne abokan tafiyarsu a ƙasar nan, irin su Walter Gowans a Girku da Thomas Kent a Bida a 1894, kuma cikinsu akwai masu girman kai da ganin baƙar fata yaro ne. A mutum ɗaya ake iya samun duka biyun.

Dangin Musulmi su ne ma'aunin gaskiyar littafinki. In yayan tauraruwar mugu ne kawai, to komawa gare shi ba jaraba ba ce, kuma shakkarta ba ta da nauyi. Ki sa shi mutumin kirki mai tsoron Allah, wanda ya yi tafiyar kwana biyu da damin dawa a kan jaki, yana kuka da gaske don a ganinsa ƙanwarsa ta halaka. Ki ba shi hujjoji mafi ƙarfi da malamin zamaninsa zai iya kawowa. Sa'an nan wata magana da ba ta son kwana-kwana: kada ki sa kalmar ɓatanci ga Annabi ko Alƙur'ani a bakin kowane tauraro, ko da da sunan nuna halin zamani ne. Labarin ba ya bukatarta, kuma a Arewa kin san abin da takan jawo.

Ƙarshe yana da hanyoyi uku masu gaskiya. Ta tsaya, amma da bangaskiyar da ta fi ta farko ƙanƙanta da shiru, ba ta ƙara yi wa mai makoki saurin jawo aya. Ko ta koma gidan yayanta, wani abu na waƙoƙin da addu'ar ya ƙi barinta. Ko ta faɗi a maido ta, a nuna irin kallon da za ta riƙa sha a ikilisiya har ta tsufa. Ga mai karatu Kirista na fi ganin ƙarfin ta uku, don ita ce hanyar Bitrus, kuma tana jefa tambayar a kan ikilisiya, ba a kan wadda ta faɗi kaɗai ba.

Dattawa da zuriya

Wusasa ƙaramin gari ne mai manyan 'ya'ya, can ne su Likita R. A. B. Dikko da Farfesa Ishaya Audu da Janar Yakubu Gowon suka taso, kuma jikokin mutanen Gimi suna nan da ransu. Saboda haka duk zunubi da faɗuwa ki ɗora su a kan taurarin da kika ƙaga, da sunayen da ba na wani sanannen gida ba. Mutanen gaske irin su Miller su tsaya a gefe, su faɗi abin da ya yi daidai da abin da aka san sun rubuta ko sun yi. A bayan littafin ki sa shafi ɗaya ko biyu da ke rarrabe abin da ya faru da abin da kika ƙaga. Wannan shafin yana kashe rabin ƙorafi.

Ni ba zan iya yanke miki inda iyakar koyarwar ɗarikarku take ba, wannan tsakaninki ne da fastonku. Babu kuma dabarar rubutu da za ta gamsar da kowa. Akwai wanda a ganinsa littafin Kirista dole ya ƙare da nasara a fili, ba za ki canja shi ba. Abin da za ki iya shi ne ki ba mutum uku rubutun kafin ya fita: dattijo ko dattijuwa da ta san tarihin wurin, Musulmi mai karatu wanda ba zai ji nauyin gaya miki gaskiya ba, da wanda ya taɓa binne ɗansa. Ki roƙe su su sa alama a duk inda suka ji ƙarya. In dattijon ya ce ba haka ake baftisma a lokacin ba, ko ba a rera wannan waƙa sai daga baya, ki gyara nan take. In ya ce iyayenmu ba su taɓa yin shakka ba, ki tambaye shi cikin ladabi abin da littafin zaman dattawa na majami'arsu ya ƙunsa a shekarun farko, ki bar babin yadda yake.